Yadda Na Tsira da Harshena a Birnin Tsarto

"Iska ce!"

"Santsi ne!"

"Na ce iska ce ke haifar ɗigo, kai kurman jaki!"

"Jakin ma ya fi ka, Barmo, shi ko ba komai ya san inda ruwa yake. Santsi ne!"

Ni kuwa ina durƙushe tsakaninsu a fadar Magajiya, hannuwana ɗaure ta baya, wanzami na tsaye a kaina yana wasa aska, harshena ake jira a yanke. Amma malaman nan biyu da suka kawo ƙarata, Malam Jatau da Malam Barmo, sun manta da ni sarai, sun koma kan musun da suka shekara bakwai suna yi.

Bari in koma baya, don mai karatu ya san wadda ke durƙushe da abin da ya durƙusar da ita. Ni ce Tasalla 'yar Nomau, jikar Dije mai wanki, ni ce wadda ta hau tudu bakwai da takalmi ɗaya, ta sha ruwan ƙasa tara da gora ɗaya, ba ta taɓa jin muryar mutum ta bar masa ita ba. Tari, atishawa, in'ina, kukan ƙofa, kukan tukunya, duk abin da ya shiga kunnena sai ya fito ta bakina.

A garinmu Rafin Gamji, kakata ce ke wa manya wanki. In za ta buga riga, sai ta cika bakinta da ruwa ta fesa mata, ruwan ya sauka lallausa ko'ina daidai, ba inda ya jiƙe ya fi wani. Na gwada sau ɗari, nawa sai ya fito kamar fitsarin ɗan akuya.

"Leɓe ƙofa ne kawai, ja'ira," in ji ta. "Rigimar a ciki ake yin ta. Motsa harshen."

Na motsa shi, na iya. Na kuma ci gaba da motsa shi inda ba a aike ni ba. Wata rana na laɓe bayan zana na yi shela da muryar dagaci, cewa daga yau kowace Alhamis jakuna za su huta, magidanta su ɗauki kayan kasuwa a ka. Alhamis uku aka yi ana bin dokar kafin dagaci ya tambayi dalilin da ya sa surukinsa ke tafe da mangala a wuya. Kashegari aka ba ni hanya. Kakata ta ƙulla mini busasshen zoɓo a bakin zane, ta ce, "Je ki nemo ƙasar da bakin nan zai yi amfani. In babu, kada ki dawo ki gaya mini."

Ƙasar farko da na faɗa ita ce Tudun Masu Shayi, inda aka hana cokali. A can mai shayi giginya yake hawa, ya tsiyayo shayi daga sama zuwa kofin da ke ƙasa. Na tsaya na duba, na ga hikimar: shayin na faɗawa da ƙarfi, ya huda na cikin kofin, ya juya shi ya birkita shi, madara da sukari su gauraya ba wanda ya taɓa su. Sai dai girman mutum a ƙasar tsawon giginyarsa ne. Shugabansu ya hau wadda ta fi kowace tsawo, shayinsa kuwa tun a rabin hanya yake tsinkewa ya zama yayyafi, iska ta raba wa jama'a a ka. Shekara talatin bai cika kofi ɗaya ba. Mutane na ƙasa riƙe da busassun kofuna suna cewa, "Kai, wannan hannu!" Na kwaikwayi yadda yake lumshe ido yana tsiyaya, suka biyo ni da itacen wuta. Da na ga sun kusa, sai na yi kukan butar da ta tafasa tana zuba a garwashi. Kowa ya juya da gudu wurin tasa, na wuce abina.

Daga nan na shiga kwalekwale a Kogin Gaba. Ruwa biyu ne a kwari ɗaya, ɗaya fari kamar nono, ɗaya baƙi kamar tawada, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a hankali, kwana arba'in ba wanda ya shiga cikin wani. Masu fito suka ce rantsuwa suka yi ba za su gaisa ba har abada. Ran kwana na arba'in da ɗaya muka iso wasu duwatsu masu kaushi. Ruwan ya yi tuntuɓe, ya yi tsalle, ya yi kumfa, ya fito ta can gaba toka-toka, ba fari ba baƙi. Na ce da mai fito, "To ina rantsuwar?" Ya ce ba a yi wa baƙo bayanin abin da ya fi ƙarfinsa. Na maimaita masa maganar da muryarsa har da karkacewar bakin, ya sauke ni a gaɓa tun ba mu kai ba.

Gaɓar nan ita ce bakin Birnin Tsarto.

Ba a ruwan sama a ƙasar, ba a taɓa yi ba. Abin da suke da shi wani marmaro ne a kan dutse tsakiyar gari, mai tsarto ruwa sama kamar tsawon rimi goma, yana hutawa daga azahar zuwa la'asar. Da can, in ruwan ya tashi sai ya watse ya zama yayyafi ya sauka kan gonakin da ke kewaye. Kowace safiya kuma akan zuba tsimin maganin tsutsa a maƙogwaronsa, ya gauraya da ruwan, kowane ganye ya sami rabonsa.

Sai dai mutanen garin ba abin da suke girmamawa irin natsuwa. Ba a dariya a fili, ba a atishawa a gaban mutane, in kunama ta harbi mutum sai ya nemi izini ya shiga ɗaki kafin ya yi ihu. Marmaron kuwa ba shi da wannan tarbiyya, yana ta gurnani da kurkurar maƙogwaro dare da rana, har a gaban baƙi. Abin ya dame su. Shekara bakwai kafin zuwana, Malam Jatau ya shiga cikinsa lokacin da yake hutawa, ya goge maƙogwaron da yashi, ya bi shi da man kaɗe, har ƙuda ba ya iya tsayawa a kai.

Marmaro ya natsu. Ruwan ya riƙa fitowa shiru kamar sandar gilashi, ya tashi, ya lanƙwaso, ya faɗa wuri ɗaya tak, har ya haƙa wani rami da suka sa wa suna Ramin Ladabi. Tsimin kuma sai ya bi gefe ɗaya na sandar kamar baƙin zare, ya faɗa ramin shi ma. Gonaki suka bushe, abin da ya rage tsutsa ta cinye.

Malam Jatau ya ce santsin ne bai isa ba, a ƙara man kaɗe. Malam Barmo ya ce iska ce ta yi ƙaranci, ya sa aka kafa dogayen tsani, ƙarti ɗari uku suka hau da mafitai suna yi wa ruwa fifita. Na ga abin da idona: sandar ruwan tana ɗan rangaji kamar amarya, ƙartin na zufa, malaman na ƙasa suna zagin juna.

Kwana biyu na daure. Ran na uku na tsaya tsakiyar kasuwa, na yi tsalle dama na ce "Santsi ne!" da muryar Jatau, ta hanci, siririya kamar ta sauro. Na yi tsalle hagu na ce "Iska ce!" da ta Barmo, wadda ke fitowa daga tumbi. Wata mai ƙosai ta toshe baki da zane, dariyar ta ƙwace ta hanci, daga nan kasuwa ta ɓarke. Dokar garin kuwa, wanda ya kwaikwayi malami harshensa ake cirewa. A kan wannan ne kaɗai malaman biyu suka taɓa haɗa baki.

To, ga ni durƙushe, azahar ta yi, marmaro ya tafi hutu. Wanzamin da ke kaina wani tsoho ne, Baba Anaruwa, hannunsa duk kanta irin ta mai riƙon fartanya. Tun da ba mai sauraronmu, na ɗaga kai.

"Baba, askar ba ta yi kaifi ba har yanzu?"

"Yi shiru, 'yar nan. Ina ja miki lokaci ne, ko Allah zai sa su kashe juna."

"Kana da gona?"

"Ina da filin da ake ce wa gona."

"Da can, wane irin kuka marmaron ke yi?"

Ya waiga ya ga ba mai kallo, ya gwada a hankali. Abin ya fito kamar tsohuwar akuya ta shaƙe. Na ce bari in taya shi. Na yi masa kukan rafi, ya girgiza kai. Na yi na tukunyar tuwo, ya girgiza kai. Sai na yi irin na bakin kakata in za ta fesa wa riga ruwa, kurkurar nan ta ciki sannan fashewar. Askar ta tsaya cak a hannunsa, idonsa ya kawo ruwa.

"Shi ne. Wallahi shi ne. A ina kika ji?"

"Baba, akwai wani abu a maƙogwaron nan da yanzu babu?"

"Wani dutse ne mai ƙuraje kamar bayan kada, a gicciye. Shi ke ta da hayaniyar. Malam Jatau ya ɓamɓare shi, ya shimfiɗa masa buzu, ya mai da shi kujera don kowa ya ga ya ci nasara. Duk inda za shi almajiransa masu gemu ke ɗaukar masa. Ga shi can yana kai."

Na duba. Malam Jatau na zaune kan wani ƙullutu, ya baza riga fara fes kamar kaza kan ƙwai.

A nan Magajiya Kuluwa, mai mulkin garin, ta ɗaga yatsa ɗaya, wanda a wurinsu tsawa ce. Kowa ya yi tsit.

"A yanke," ta ce, a hankali kamar mai ƙirga haƙoranta. "Amma a bi al'ada. Gaɓar da za a raba mutum da ita, akan bar shi ya yi sallama da ita. Yarinya, me kike so? Wasu zuma suke lasa. Wasu waƙa."

"Ranki ya daɗe, ruwa nake so a ƙwarya, da ɗan kofi. Sai a kwance mini hannu."

Aka kawo. Na kwance zoɓon kakata, na jiƙa shi a kofin da ruwa kaɗan har ya yi kauri ja wur. Na cika bakina da farin ruwa, na ɗan kurɓi zoɓon na ajiye shi a kunci ɗaya. Na kwantar da harshena, na tsuke leɓe, na tsarto. Ruwan ya fita siriri, shiru, mai ladabi, jan zare na bin gefensa, ya sauka kan ƙirjin Malam Jatau wuri ɗaya, ja ya gangara har cibiya.

"Wannan marmaronku ne na yau," na ce. "Allah gafarta malam, ka ji yadda gonar da ke Ramin Ladabi take ji."

Kafin ya sami bakin magana na sake cika baki, na sake kurɓar zoɓo. Wannan karon na kaɗa harshe, na kurkura, na fesa wa Malam Barmo. Hazo ya tashi ruwan hoda, ya lulluɓe shi daga rawani har gwiwa, ko'ina launi ɗaya, har gemu.

"Wannan kuma na da. Baki ɗaya ne, ranki ya daɗe, ruwa ɗaya, ƙofa ɗaya. Abin da ya bambanta su yana ciki. In ruwa ya yi karo da wani abu kafin ya fito, sai ya fito yana juyi a cikin kansa, ja ya shiga fari, fari ya shiga ja. Fatar ruwan ta yamutse, yamutsewar ta miƙe ta zama zare-zare, kowane zare ya yi wuya-wuya kamar carbi, ya tsinke, ga ɗigo. Iskarka tana da aiki, Malam Barmo, amma sai ta sami inda za ta kama. Me za ta kama a jikin abin da abokinka ya shafe da man kaɗe? Ku kuka cire wa marmaro abin motsa ruwa, kuka zo kuna masa fifita kamar mai zazzaɓi."

"Wannan ƙazanta ce ba ilimi ba!" in ji Malam Barmo, yana share gemu.

"Bakin yarinya ba marmaro ba ne," in ji Magajiya.

"A mayar da dutsen da Malam ke zaune a kai, a gani."

Malam Jatau ya ƙara baza riga, ya danne dutsen da duk nauyinsa. "Ko gobe ba zan tashi ba."

Magajiya ta buɗe tafin hannu. "Malami in ya zauna, ba mai ta da shi sai kansa. Doka ce. Sallamarki ta ƙare? Anaruwa."

Baba Anaruwa ya matso da ƙafa kamar an ɗaura mata turmi. Na sunkuyar da kai, na ja mayafi na rufe fuska kamar mai kuka. Malam Barmo na tsaye daidai bayan Jatau yana ta fama da gemunsa. Na tattaro muryar Barmo daga can ƙasan ciki, na jefa ta wajensa.

"Jama'a, ku shaida. Na tuba. Santsi ne. Jatau ya fi ni ilimi, ni almajirinsa ne."

Malam Jatau ya yi wani tsalle da ban zaci tsoho zai iya ba. Ya juya ya rungume Barmo yana kuka. "Ɗan'uwana! Shekara bakwai! Sake faɗa!"

"Sake ni! Ban ce ba! Wallahi ban buɗe baki ba!"

"Ka ce, kowa ya ji!"

Baba Anaruwa ya jefar da aska, ya yaye buzun, ya rungumi dutsen. Manoma huɗu da ke bakin ƙofa suka manta da natsuwa, suka taya shi, suka yi waje da gudu.

Magajiya ta juyo gare ni.

"Kin maimaita laifin a gabana."

"Sallama nake yi da shi, ranki ya daɗe. Abin da ya fi so ke nan."

"La'asar ta kusa. Za mu je. In ruwa ya fito yadda ya saba, a can bakin marmaron za a yanke, ba sauran magana."

Muka hau, gari duka a bayanmu, kowa na tafiya a hankali don kada a ce yana ɗoki. Gurbin dutsen na nan a maƙogwaron kamar gurbin haƙorin da aka cire. Sau biyu yana sulluɓewa saboda man kaɗe, sai da Baba Anaruwa ya cire rigarsa ya goge wurin da ƙasa, ya dake shi da diddige ya zauna. Aka fito da tsohon daga ciki, aka miƙa masa askarsa, aka durƙusar da ni. Magajiya ta ce in fito da harshen tun yanzu, don kada a ɓata lokaci.

Na fito da shi. Na ji sanyin ƙarfe a kai. Ban taɓa sanin yini na da tsawo ba sai ran nan. Ga ni da baki buɗe kamar kare a rana, ga maganganu ɗari sun taru a wuyana, ba halin ko ɗaya.

Ƙasa ta ɗan girgiza. Marmaro ya yi tari. Ruwa ya fito sumul kamar yadda ya saba, kamu ɗaya, kamu biyu, kamu uku.

Sai kurkurar ta taso daga ciki, irin ta bakin kakata amma sau dubu. Sandar gilashin ta yi fari fat. Jikinta ya yamutse, ya yi gashi, gashin ya miƙe ya tsittsinke, can sama duk abin ya buɗe kamar an warware rawani. Baƙin zaren tsimi ya ɓace, sai warinsa ko'ina. Yayyafi ya sauko kan gonaki, kan rufin ɗakuna, kan ƙartin mafitai da ke bisa tsani baki sake, kan harshena. Bakan gizo ya tsaya daga wannan ƙofar gari zuwa waccan.

Mutanen Tsarto suka tsaya ƙiƙam suna jiƙewa cikin natsuwa. Sai mai ƙosan nan ta yi atishawa, wadda ta shekara da shekaru tana ajiya, aka ji ta har bayan ganuwa. Wani ya amsa da tasa. Baba Anaruwa ya naɗe askarsa, ya zauna a taɓo yana dariya yana kuka.

"Mai da harshenki," in ji Magajiya. "Naki ne. Amma gobe da safe ki bar garin nan, tun ba ki koyi muryata ba."

"Godiya nake, ranki ya daɗe," na ce, da tawa muryar, ko da yake tata na nan a ajiye tun azahar.

Malam Barmo ya ɗaga hannu sama yana nuna yayyafin. "Kun gani? Wa ke kai shi gonaki? Iska! Me nake faɗa tuntuni?"

Ba wanda ya kula shi. Magajiya ta juya wurin Malam Jatau, wanda ke tsaye rungume da buzunsa, jan zoɓo na bin rigarsa.

"Malam, shekara bakwai kana zaune kan abincin mutane. Me za ka ce?"

Malam Jatau ya gyara rawani, ya dubi marmaron sama da ƙasa irin duban da uba ke yi wa ɗan da ya yi sauka.

"Ranki ya daɗe, ai shi ya sa ya iya. Da can jahilin dutse ne. Shekara bakwai ina zaune a kansa ina karatu da ƙarfi, kuna tsammani bai ji komai ba?"